Zuwa ga ƙanenmu a Katsina: yadda muke ɗaukar nauyin shirin tsofaffin bindigogi a nan Ingila

Assalamu alaikum, ƙanenmu. Saƙonka ya iso mana nan Birmingham. Kana so ka shirya jerin bidiyo a kan bindigogin da suka shigo ƙasar Katsina da Daura tun kafin zuwan Turawa, kuma abin da ya ɗaure maka kai shi ne jin da ka yi cewa mu a nan ba ma kiran taron ƙaddamarwa. Ba uban taro, ba babban mai ƙaddamarwa, sai fam uku-uku da biyar-biyar a kowane wata. Ka ce yaushe wannan zai sayi kyamara?

Zaman nan ne ya koya mana haka. Kusan kowa albashin wata yake jira, kuma kafin ya taɓa shi haya da haraji da kuɗin wuta sun ɗauki nasu. Da wuya ka sami mai ajiye fam dubu a kan tebur lokaci guda, amma kowa yana iya ba bankinsa umarni ya riƙa cire fam biyar ranar ɗaya ga wata. Da irin wannan muke biyan hayar zauren sallar Idi, da makarantar yara ta Asabar, da asusun jana'iza. Turawa masu shirye-shiryen tarihin makamai su ma masu kallo ne ke riƙe da su, domin kuɗin talla a YouTube ba shi da tabbas ga bidiyon da bindiga ta fito a ciki.

Akwai kuma dalilin da ya fi wannan nauyi. A taron ƙaddamarwa ana faɗin alkawari a lasifika, kuɗin kuwa sai an yi ta zarya. In ma babban mutum ya cika, ka san kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Tarihin yaƙe-yaƙen Katsina da Maraɗi, ko na Daura da Zango da Ɓaure, tarihin kakannin mutanen da ke raye ne. Ranar da mutum ɗaya ya biya kuɗin shirin gaba ɗaya, kakansa ba zai taɓa shan kashi a bakinka ba. Mutum ɗari biyu masu ba da kaɗan-kaɗan ba mai iya juya ka a cikinsu.

Hanyoyin tara kuɗin iri biyu ne, kuma bai kamata a gauraya su ba. Na farko tarawa ce ta lokaci guda don sayen kayan aiki. Kickstarter, shafin intanet na tara gudummawa da aka buɗe a 2009, ita ce ta yi fice a nan: ka faɗi adadin da kake nema da ranar rufewa, in bai cika ba ko sisi ba za a cire wa kowa ba. In ya cika su ɗauki kashi 5 cikin 100, masu sarrafa kati su ɗauki wani 3 zuwa 5. Najeriya ba ta cikin ƙasashen da ake buɗe neman kuɗi daga cikinsu, don haka sai dai wani amintacce a nan ya buɗe da sunansa, kuma shi hukumar haraji za ta tambaya in kuɗin sun wuce fam 1,000 a shekara. Na biyu gudummawar wata-wata ce, irin ta Patreon da ta fara a 2013. Ita ce ke riƙe shiri, domin mai da abinci da ladan mai tace hoto ba sa ƙarewa. Yi lissafi da abin da zai shigo hannu, ba abin da allo ya nuna ba. A ce mutum 120 suna ba da fam 4: a rubuce 480 ne, amma bayan kamfani ya cire wajen kashi 10, an kuma cire kuɗin kati a kan kowane mutum, abin da zai rage ba zai kai 400 ba.

Ga mutanen gida ba ka buƙatar waɗannan. Buɗe asusun banki da sunan shirin, mai sa hannu biyu, ɗayan kuma kada ya zama kai ko ɗan ɗakinku. Paystack, kamfanin karɓar kuɗi ta intanet, na iya cirar kuɗi duk wata daga katin mai gudummawa. Suna ɗaukar kashi 1.5 da ƙarin naira 100, kuma suna yafe ɗarin in kuɗin bai kai naira 2,500 ba. Saboda haka matakin naira 2,000 a wata yana da sauƙi, talatin kawai za a cire. Sannan abin da muka fi riƙewa da ƙarfi a nan: ƙarshen kowane wata ma'aji ya sa hoton bayanin banki da rasit-rasit a zauren WhatsApp na masu gudummawa, ba sai an tambaya ba. Ba ma sanar da nawa wane ya bayar. Mai fam biyu da mai fam hamsin sunansu ɗaya ne a ƙarshen bidiyo, bisa jerin haruffa. Kuɗin da aka tara a waje a bar su a fam, a canza daidai buƙatar kowace tafiya, domin tun da aka saki naira a Yunin 2023 kasafin da aka yi wata shida baya ba ya riƙe komai.

Kada ka nemi ko kwabo kafin ka gama fitowa uku da wayarka da aljihunka. Mutane ba sa biyan niyya. Ukun nan za su nuna maka ainihin kuɗin fitowa ɗaya: mota, masauki, goron dattijon da ya ba ka yininsa, mai riƙe kyamara, tacewa, da fassarar Turanci a ƙasan hoto, wadda ita ce ke jawo masu gudummawa daga waje. Abin da ya fito ka ƙara masa kashi 20 na ba-zata. Ka yi alkawarin fitowa ɗaya a wata ko da kana jin za ka iya biyu, kuma ka riƙa ɗaukar uku ko huɗu a tafiya guda. Katsina zuwa Daura kimanin kilomita 80 ne. Zuwa sau huɗu don fitowa huɗu asarar mai ce.

Batun doka ka bi shi a hankali, domin a nan hanyarmu da taku suka rabu. A Ingila bindigar da aka ƙera kafin 1 ga Satumba 1939, wadda tsarin tashinta ko harsashinta ya zama tsohon yayi bisa jerin da doka ta fitar, ana iya ajiye ta a matsayin kayan tarihi ba tare da lasisi ba. Ranar da ka yi niyyar harba ta wannan sassaucin ya faɗi, albarushi ma takardarsa daban. Shi ya sa muke zuwa gidan tarihin makamai na Royal Armouries a Leeds, inda shiga kyauta ne, maimakon tara bindigogi a gida. A Najeriya Dokar Makamai ta 1959 ta sa adaka da sauran bindigogin da ake ɗurawa ta baki a ƙarƙashin lasisin Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Da halin tsaron da Katsina ke ciki, kada a taɓa ganin bindiga a motarka, ko ta kakan kakanka ce. Kai za ka je inda take. Rubuta wa fada ta hannun sakataren masarauta, ka rubuta wa Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha, da gidan tarihi na ƙasa da ke tsohon ginin Kwalejin Katsina, ka kai kwafi ofishin 'yan sanda, ka riƙe wanda aka buga wa hatimi a jakarka. Kada hoto ya nuna ƙofar gidan da bindiga take ko ɗakin da ake ajiye ta. Jirgi marar matuƙi kuwa yana buƙatar izinin hukumar jiragen sama da ofishin mai ba da shawara kan tsaro. Ka manta da shi.

Abin faɗa ba zai ƙare maka ba. Adaka mai ƙanƙara ta hauro daga bakin teku ta Nufe, wasu sun sauko ta Sahara daga Tarabulus. Da yawansu a nan Birmingham aka ƙera su, ko a Liège ta Beljiyam, ƙanƙarar kuma ana fasa ta a garin Brandon na Ingila. Tarihin Kano ya ce Babba Zaki, wanda ya yi sarauta daga 1768 zuwa 1776, shi ya fara ajiye dogarai masu bindiga. Sarkin Damagaram Tanimu ya sa an zuba igwa a Zinder, kuma ƙarfinsa ya taɓa ƙasar Daura kai tsaye. Wannan kaɗai fitowa ce guda. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta taƙaita shigar bindigogin zamani cikin yawancin Afirka, ta bar mana tsofaffin, ga shi kuma bindigar Maxim mai aman wuta ta fito tun 1884. Wanda ya fahimci waɗannan biyun ya fahimci faɗuwar Kano a Fabrairun 1903, da Sakkwato a Maris, da abin da ya faru a Burmi a Yuli. Mu a ganinmu kowace fitowa ta tsaya a kan bindiga ɗaya da mutumin da ke riƙe da ita. Jerin shekaru kowa zai iya karantawa a littafi.

Bindigar ma tana ba da shaida in ka iya dubawa. Kalli gindin bututun, kusa da inda wuta ke kamawa. Sanduna biyu a gicciye da kambi a samansu tambarin gidan gwaji ne na Birmingham, wanda aka kafa a 1813. Haruffan ELG a cikin da'ira mai siffar ƙwai na Liège ne, in kuma da kambi a kan da'irar to daga 1893 ne zuwa sama. Rubutun TOWER, alamar bindigogin sojan Ingila, a jikin ƙarfen kunama kada ya ruɗe ka, 'yan kasuwa sun buga shi a kan bindigogin da ba su taɓa shiga hannun sojan Ingila ba. Sau da yawa za ka tarar bututun na Turai ne, ƙotar kuwa masassaƙin gida ne ya sake ta, maƙeri ya ɗaure da zoben tagulla, baduku ya naɗe da jar fata da laya. Wannan gyaran shi ne tarihin namu, ka ba shi lokaci. In mai bindiga ya ce kakansa ya yi yaƙi da ita a zamanin Ummarun Dallaje, Sarkin Katsina na farkon ƙarni na 19, alhali tambarin na bayan 1893 ne, kada ka ƙaryata dattijo a gaban kyamara. Sa maganarsa yadda ya faɗa, ka nuna tambarin, ka ce wataƙila an canza bututun daga baya, domin hakan na faruwa.

Kafin kowa ya taɓa adaka, a ɗauka a ɗure take. Albarushi yana iya shekara ɗari a ciki bai mutu ba. A juya bakinta inda ba kowa, a zura sandar ɗuri har ta tsaya, a sa alama a daidai baki, a zaro a auna ta waje. In ƙarshen sandar bai kai ramin wuta ba, akwai abu a ciki. A ajiye ta, kada a ja kunama, kada a kusanto da wuta. Tsohuwar bindiga ba a harba ta don a burge masu kallo, domin tsatsar cikin bututu ba ta ganuwa kuma hannun mai riƙewa take fara ci. In ƙara da hayaƙi kake so, jira Hawan Bariki a Katsina, ko Hawan Magajiya da Sallar Gani a Daura, ka ɗauki masu harbin fada daga nesa. Kada kuma a goge ƙarfe da sanfefa don ya yi ƙyalli: tambarin da kake nema shi zai fara tafiya. Safar hannu da busasshen ƙyalle sun isa.

Wajen ɗauka, shimfiɗa yadi mai ruwan toka marar sheƙi, ka ajiye ma'auni a gefe don a ga tsawo. Haske ya zo daga gefe, ƙasa-ƙasa, sai tambarin ya fito da inuwarsa; in ka haska daga sama ba za a ga komai ba. Saita kyamara a hoto 25 cikin daƙiƙa, saboda wutarmu mai bugu 50 ce, in ba haka ba fitila za ta riƙa rawa a hoton. Kuɗin farko ya tafi ga makirfon maƙalawa a riga, ba ga kyamara ba. Mai kallo yana haƙuri da hoto mai duhu, amma muryar dattijo da janareta ya danne ba mai zama ya saurara. Kwafi biyu a faifai biyu tun a daren, kuma yardar mai magana a rubuce ko a naɗe.

YouTube ta hana bidiyon da ke koya yadda ake ƙera bindiga ko harsashi, da wanda ke haɗa mai saye da mai sayarwa, kuma tun 2024 tana rufe wa 'yan ƙasa da shekara 18 bidiyon da ke nuna amfani da bindiga ƙirar gida. Don haka in ka je maƙera, ɗauki tarihin gidan da kayan aikin, ka bar matakan ƙira da haɗin albarushi, wanda ko ba dokarsu bai dace ka yaɗa ba a wannan lokacin. Rabon kuɗin talla sai ka kai mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12. Ka ɗauke shi rarar ciniki.

Abin da ya fi kashe irin wannan shiri alkawarin tukuici ne. Riguna da huluna da aika kaya ƙasashen waje suna cinye kuɗin da lokacin. Ba masu gudummawa abin da ba ya cin komai: su ga fitowa mako guda kafin kowa, su sami cikakkiyar hirar da ba a yanke ba, su zaɓi bindigar wata mai zuwa. Katin banki yana ƙarewa, mutane suna janyewa da azumi da lokacin kuɗin makaranta, saboda haka a ajiye kuɗin fitowa biyu a gefe kullum. In wata zai wuce ba fitowa, ka faɗa tun kafin ranar cire kuɗi, ka dakatar da cirar watan.

Da zarar shirin ya fara tafiya, wani zai rubuto daga Turai ko Amurka yana tayin sayen bindigar da ka nuna. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana fitar da kayan tarihi ba da izininta ba, ga dokar makamai a kai. Kada ka ba da lambar mai ita, kada ka zama dillali, kuma ka rubuta wannan sharaɗin a takardar da za ka kai fada tun a zuwan farko. Ka turo mana kasafin fitowa ukun in ka gama, mu duba tare da ma'ajinmu. A gaishe da su Baba da mutanen gida.