Akodiyan ba ya jure zafin rana

Ka tambaye ni abin da ke kwaram-kwaram a cikin akodiyan ɗin da aka kawo jiya, abin kiɗan nan mai zugazugi da maɓallai, da dalilin da maɓallai uku suka yi gum, har kana cewa ko a ɗiga musu mai. Ajiye man nan tukuna, yaro. Mai ba ya shiga cikin akodiyan. Ƙura zai kama, ta daskare, ka mayar da aikin yini ɗaya na sati guda.

Zare ƙusoshin da ke riƙe da zugazugin, ka jera su yadda ka cire su, don kowace raminta za ta koma. Yawwa. Ka ga 'yan farantan alminiyam ɗin nan da suka yi sahu a kan katako? Kowane faranti harshen ƙarfe biyu gare shi, ɗaya yana kuka in ka ja, ɗayan in ka tura. To, dubi abin da ya manne su. Ba gam ba ne. Kakin zuma ne aka narka da ƙaro, dangin wanda mai goge ke goga wa izga, aka tsiyaya shi a gefe ya riƙe faranti, ya kuma toshe iska. Kakin zuma wajen digiri 63 yake narkewa, amma tun kafin nan ya yi laushi. Da na matsa wa mai kayan da tambaya, sai ya ce a but ɗin mota ya bar shi, daga azahar har bayan la'asar, a tsakiyar bazara. Shi ke nan, farantai suka sulale suka faɗa cikin zugazugi. Su kake ji suna yawo.

Wannan akodiyan na kamfanin Hohner ne, aikin garin Trossingen na Jamus. Na Italiya kuma galibi daga garin Castelfidardo suke fitowa. Mutanen can ba su san ranarmu ta watan Afrilu ba, da sun sani da wataƙila sun sake dabara.

Kada ka kama harshen da yatsa, kada kuma ka hura shi da baki don ka ji muryarsa. Gumi da tururin numfashi tsatsa suke kawowa, harshen da ya yi tsatsa kuwa muryarsa ta kauce ke nan.

Yanzu dubi 'yan siraran fatun da ke kwance a kan farantan. Aikinsu su rufe harshe ɗaya yayin da ɗan'uwansa ke kuka. Ka ga wannan ta nannaɗe kamar busasshen ganye? Hunturu ne, da kuma mugun ajiya. In aka kwantar da akodiyan wata da watanni, fatun sukan saki su yi reto, su ƙi komawa. Shi ya sa kullum nake ce maka ka tsayar da shi a kan 'yan ƙafafunsa na ɓangaren hagu, zugazugi a rufe da maɗaurinsa, nesa da taga.

Kuma na gan ka ɗazu kana jan zugazugin ba ka danna komai ba. Wannan ba na maƙera ba ne da ake yi wa ƙarfi. Kwali ne da yadi, sai 'yar fata a kusurwa. In za ka rufe shi ba tare da kiɗa ba, ga maɓallin iska nan kusa da babban yatsanka na hagu.

Je ka ɗora kakin a wuta kaɗan-kaɗan, in ya fara hayaƙi ya ƙone. Kafin ya narke, kankare tsohon kakin daga gurbin nan uku, amma kada ka mayar da faranti ko ɗaya sai na duba wanne ne na wane gurbi.