Amsoshin tambayoyinku: Yadda ƙaton sojan roba zai kai Yamai bai karye ba

Tambaya: Malam, ina gaisuwa. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo. Yayana da ke Faransa ya aiko mini da 'yan sojojin roba na wasan tebur na Warhammer 40,000, cikinsu har da wani ƙato mai suna Imperial Knight. Wata biyu na yi ina harhaɗa shi, ina shafa masa fenti. Yanzu abokai sun gayyace ni wasa a Yamai lokacin hutu. In sa yayana ya aiko da jakar soso irin ta Turai, ko akwai dabara a nan Maraɗi?

Amsa: Ƙanena, bar wa yayanka kuɗinsa. Jakar soso tana da kyau ga ƙananan sojoji, waɗanda ba su wuce tsawon ɗan yatsa ba, kowa da raminsa. Amma ƙaton naka faifan da yake tsaye a kai kaɗai ya kai milimita 170 a tsawo, ga hannuwa sun baje, ga bindiga, ga tuta, ga 'yan ƙahonni ko'ina. In ka cusa shi cikin soso, duk inda ya yi tsini zai maƙale, kuma duk gargadar da mota ta taka soson zai goge fentin gefe-gefe. Kamfanin Games Workshop da ya fito da wasan a 1987 a Notingam yake, ƙasar Ingila. Masu ɗinka irin jakunkunan nan sanyin can suka sani, ba su taɓa shan ranar watan Afrilu a Maraɗi ba, lokacin da zafi ke haura digiri 40.

Dabarar ita ce ka riƙe shi ta ƙafa, kada komai ya taɓa jikinsa. Nemi maganaɗisu ƙanana masu ƙarfi, irin zagayayyun nan masu ƙyalli kamar ƙwayar magani, ka manna huɗu zuwa shida a ƙarƙashin faifan. Ƙarƙashin yana da ɗan zurfi, saboda haka ka yi ciko har maganaɗisun ya zo daidai da baki, in ba haka ba riƙon zai yi sanyi. Sai ka je wurin mai walda ya yanka maka falan ƙarfe daidai gindin akwatin da ka zaɓa, ya goge bakinsa kada ya yanke ka. Ka tafi da maganaɗisu guda a aljihu ka gwada a gabansa, don alminiyam ba ya kamawa, kuma a ido yakan yi kama da kwano.

In maganaɗisun ya yi wuyar samu, leƙa wurin masu gyaran kwamfuta. Cikin matacciyar ma'ajiyar bayanai ta tsohuwar kwamfuta akwai shi, mai lanƙwasa, guda ɗaya ya isa. Sai dai yana da mugun riƙo: in za ka ɗauke sojan, kama faifan ka zame shi gefe, kada ka fizge shi ta kai, ƙafafun za ka bari a akwati.

Akwatin kuwa, ni kular ƙanƙara mai kusurwa huɗu nake ba ka shawara, irin ta masu sayar da ruwan sanyi a tasha. Akwatin ƙarfe na maƙera yana kama maganaɗisu kai tsaye, gaskiya ne, amma minti kaɗan a rana ya zama tanda. Kula tana tare zafi, tana tare ƙura, jikinta kuma yana shanye bugu. Ka auna tsawon sojan kafin ka shiga kasuwa, ka bar masa sararin yatsa uku tsakaninsa da murfi. Falan ƙarfen ka kafe shi da gam mai ƙarfi ko kusa mai murɗi, don in ya ɗago, shi da sojan za su tashi tare. Daga nan sai gwaji: rufe kular, tsaya a kan katifa, ka girgiza ta, ka karkata ta. In ka ji ƙwas, da saura.

In ba ka riga ka manne ƙugu da hannuwa ba, kada ka manne. Raba shi biyu, ƙafafu a tsaye, gangar jiki da makamai a naɗe cikin tsohuwar riga mai laushi. Ban da auduga, zarenta yana sarƙewa a tsini.

Yamai ta haura kilomita 600 daga nan. Kular ta zauna tsakanin ƙafafunka, kada yaran mota su jefa ta ƙasa cikin buhuna. In jami'ai sun ce a buɗe a shinge, buɗe musu da hannunka. A kan kabu-kabu kuma ka rungume ta a cinya.

Gargaɗi ɗaya, tunda gidajenmu ba sa rabuwa da yara: ƙananan maganaɗisun nan in yaro ya haɗiye biyu, sukan manne wa juna ta cikin hanji har su huda shi. Ka kulle ragowar.

Tambaya: Malam, nawa sojojin an buga mini su ne da injin buga siffa (firintar 3D), da wata irin roba da ake kira PLA. Na bar su a mota da rana, takubbansu sun lanƙwashe. Me zan saya?

Amsa: Ɗan'uwa, ba saye ba ne maganinka, inuwa ce. Robar PLA tana fara laushi tun wajen digiri 60, kuma motar da aka rufe a rana takan kai haka. Tsoma takobin cikin ruwan zafi na 'yan daƙiƙu, miƙe shi da yatsa, ka tsunduma shi a ruwan sanyi ya tsaya. A gida ka ajiye su ƙasa-ƙasa, nesa da rufin kwano, cikin roba mai murfi saboda ƙurar hunturu. Kwali kuwa abincin gara ne.