Tambayi Likita: Hannun roba da na'ura ke ƙerawa, wa zai amfana?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. An yanke wa ɗana mai shekara 7 hannu ƙasa da gwiwa bayan hatsarin mota. Na ga bidiyo a Facebook na hannun roba da na'ura ke ƙerawa, wai da araha. Gaskiya ne ko damfara? Daga wata uwa a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam baiwar Allah. Allah ya raya yaro, ya ba ku haƙuri. Abin gaskiya ne. Na'urar ana ce mata firintar 3D. Zaren roba take narkarwa tana shimfiɗa shi sala-sala, wani bisa wani, har yatsa ko tafin hannu ya fito daidai da zanen da aka ba kwamfuta. Abin ya bazu ne ta dalilin wani kafinta ɗan Afirka ta Kudu, Richard Van As, wanda zarto ya datse wa yatsu a 2011. Shi da Ivan Owen na Amurka suka haɗa wa wani yaro hannu, wanda aka haifa babu yatsu, suka kuma saki zanen kyauta a intanet a 2013, daga nan ƙungiyar sa-kai ta e-NABLE, mai ƙera wa mabuƙata irin waɗannan hannaye, ta taso. A shekarar ce kuma aka yi wa Daniel Omar, yaron da bam ya raba da hannayensa biyu a tsaunukan Nuba na Sudan, hannun da kayan haɗinsa ba su wuce kimanin dala 100 ba, ya koma cin abinci da kansa.

Mai arahar ba ya amfani da batir. Ga irin ɗanki, idan ya lanƙwasa gwiwar hannu sai zaruruwa su ja yatsun su damƙe, idan ya miƙe su sake. Zai riƙe kofi, ƙwallo ko kan keke. Ribarsa ga yaro ita ce girma yake yi, hannun bana ba lallai ya shige shi baɗi ba, kuma sake ƙera na roba ya fi sauƙi a aljihu nesa ba kusa ba.

Amma ki riƙe wannan da kyau: rayuwar hannun roba tana wurin gurbin da dungun ke shiga. In ya matse zai yi masa gyambo, in ya yi sako-sako zai riƙa zamewa, a duka biyun yaro zai jefar da shi ƙarƙashin gado. Saboda haka duk wanda ya ce ki turo kuɗi da hoto ta waya zai aiko miki da hannu, ki rabu da shi. Ki kai yaron sashen gaɓoɓin roba na Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, a duba dungun, a auna, ki kuma tambayi wa zai gyara in ya karye.

Tambaya: Likita, injin casa ya ci hannuna na dama daga wuyan hannu. Ni manomi ne. Wannan hannun zai riƙe fartanya? Daga wani magidanci a Maraɗi.

Amsa: Malam, ba zan ɓoye maka ba, ba zai riƙe ba. Damƙarsa ba ta da ƙarfi, yatsun kuma karyewa suke yi a aikin ƙarfi. Robar da aka fi amfani da ita, PLA, tana fara laushi idan zafi ya kai wajen digiri 60, don haka barin ta cikin rufaffiyar mota a watan Afrilu ko kusa da murhu ya isa ya murɗe ta. Abin da ya fi dacewa da gona shi ne ƙugiyar ƙarfe mai igiya da ake ratayawa a kafaɗa. Ba ta da kyan gani, amma tana aiki. Da yawa suna haɗa biyu: ƙugiya don gona, mai kamar hannu don masallaci da biki, kuma ban ga abin kunya a nan ba.

Akwai masu inganta abin, kamar Victoria Hand Project ta Kanada, wadda ke horar da ma'aikatan asibitoci a ƙasashe irin su Uganda, Kenya da Nepal su ƙera su kuma gyara a gida. Wannan tsarin nake fata a yankinmu, domin a ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya mutum 1 cikin 10 masu buƙatar irin waɗannan kayan ne ke samu. Ka fara da sashen gaɓoɓin roba na babban asibitin Damagaram ko na Yamai.

Tambaya: Shekara guda da yanke min hannu, amma har yanzu ina jin yatsun da babu suna min zugi. Wasu sun ce iska ce. Daga wata ɗaliba a Maiduguri.

Amsa: 'Yata, ba iska ba ce, ba kuma taɓin hankali ba. Mafi yawan waɗanda aka yanke wa gaɓa suna jin haka, domin ƙwaƙwalwa ba ta goge hannun daga lissafinta ba. Ki gwada wannan: ki tsayar da madubi a gabanki, dungun a bayansa, ki riƙa buɗe lafiyayyen hannun kina rufewa kina kallonsa a madubin, kamar minti 15 kullum. Wasu na samun sauƙi sosai. In kuma akwai wani ɗan ƙullutu a dungun da ke ba ki kamar shokin lantarki idan an taɓa, jijiya ce ta dunƙule, ki je asibitin koyarwa a duba. Akwai magunguna, amma likita ne zai rubuta, kada ki shiga shan tramadol da kanki.

Tambaya: Jiya ɗana ya faɗo daga bishiya, mai ɗori ya ɗaure hannun da karare. Yau yatsun sun kumbura, sun yi sanyi, yana ta ihu. An ce alamar ɗori ya kama ne. Daga wani uba a Funtuwa.

Amsa: Malam, ba kamawa ba ce, jini ne ya daina isa hannun. Ku kwance ɗaurin yanzu-yanzu, ku tallafe hannun daidai ƙirjinsa, ku nufi asibiti mafi kusa da ke da likitan tiyata, ko da tsakar dare ne. Tsoka tana fara mutuwa cikin kamar awa 6 idan jini ya yanke, kuma ɗaurin da ya matse yana cikin manyan dalilan da ke sa a yanke wa yara hannu a Arewa. Kada ku gasa, kada ku shafa komai, kada kuma ku ba shi abinci kafin likita ya gan shi, domin wataƙila a shiga da shi tiyata. Ko ihun ya lafa kada ku fasa tafiya, lafawar tana iya zama alamar jijiyar ta fara mutuwa.