Amsa ga Yaya kan kamfanonin nema wa 'yan wasa gurbin jami'a

Yaya, na ga saƙonka kan kamfanin da ya ce a biya shi ya samo wa yaronka gurbin karatu a Amurka ta hanyar ƙwallo. Na kuma ga gugar zanar da ka haɗa da ita, wai mu na nan mun mai da 'ya'yanmu 'yan wasa.

Kamfanonin akwai su, NCSA na cikin waɗanda suka fi suna, kuma ba dukansu ne macuta ba. Aikinsu su buɗe wa yaro shafi, su gyara bidiyon wasansa, su tura wa kociyoyi, a kan kuɗin da ke tashi daga ɗaruruwan daloli zuwa dubbai. Amma NCAA, hukumar wasannin jami'o'i, ta hana su ɗora farashinsu a kan samun tallafin karatu. Duk wanda ya ba ka tabbaci, ka riƙe aljihunka. Ita NCAA ɗin ce ta ce kusan kashi 2 cikin 100 na 'yan wasan sakandare ke samun tallafin. Jami'o'in da NCAA ta sa a rukuni na uku, wato Division III, ba sa bayar da tallafin wasa ko kaɗan. A ƙwallon ƙafa ta maza kuwa, kafin 2025 kuɗin da bai wuce na cikakken tallafi 9.9 ba aka yarje wa kowace ƙungiyar rukuni na ɗaya, wato Division I, a yanyanka shi tsakanin yara sama da 20.

Mu a nan Bronx ta birnin New York da wuya ka ga wanda ya biya. Yaro da kansa yake rubuta wa koci, ya tura bidiyo, kocin makarantarsa ya buga waya, wani ɗan'uwa a masallaci da ɗansa ya riga ya bi hanyar ya duba masa takardu. Naka zai yi rajista da NCAA Eligibility Center, ofishin da ke tantance cancantar ɗan wasa, kuma a can sakamakon WAEC ɗinsa zai fi ƙafarsa magana. In maki bai kai ba, akwai kwalejojin shekara biyu.

To, batun cewa mun lalace. 'Yata da wasan gudu ta shiga jami'a, da hijabinta da dogon wando, har cikin azumi. Ba abu ne mai sauƙi ba a ƙasar nan: a 2019 an soke sakamakon tseren wata yarinya Musulma a Ohio saboda hijabi, sai a 2022 jihar ta yi dokar da ta hana hakan. Amma abin da ya iso ni daga gida shi ne, budurwa da gudu sai ka ce an koro ta. Wanta ya auri baƙar fatar Amurka Musulma, har yau wasunku "matar nan" suke ce mata, alhali ita ke kaɗa miyar kukar da muke ci ranar Sallah. Hausar jikokina ta karye, ban musa ba, suna dai durƙusawa su gaishe ni. Baba ma da yake Zangon Kumasi haka kuka riƙa ce masa Bagwanje, ga shi har ya rasu goron da yake aikowa ake rabawa a ɗaurin aurenku.

Ka turo bidiyon yaron na wasa cikakke da takardar WAEC, 'yar taka za ta nuna masa yadda ake rubuta wa kociyoyi.