Amsa kan katakon tebur: madaci ne ko iroko?

Malam, ka ce ba ka gane katakon teburinka ba, kuma kana son cike ramukan ƙusa da shafa masa banish. Kankare gefe kaɗan: in ja-ja ne, madaci ne, in rawaya ne yana rikiɗa zuwa ruwan ƙasa, iroko ne. Iroko yana da maiƙo, sai ka goge shi da tina (ruwan da ake tsinka fenti da shi) kafin banish, in ba haka ba, banish ɗin zai daɗe yana danƙo.

Ramukan ƙusa kuwa, kwaɓa garin katakon da farin gam, ka cika ya ɗan tudu, domin yana shanyewa. In ya bushe, bi da samfefa mai lamba 120, sannan mai lamba 220 wadda ta fi laushi. Banish kuwa, shafi uku ya isa, kwana guda tsakani. Kada ka shafa ranar hazo, ƙura za ta manne.