Jan fentin gindin jirgin ruwa: kwalliya ce ko guba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aiki kusa da tashar jiragen ruwa ta Apapa a Legas, kuma na lura duk manyan jirage gindinsu ja ne. An ce min fentin guba ne. Gaskiya ne? Zan iya shafa irinsa a kwalekwalen mahaifina da ke Yawuri?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Wanda ya gaya maka bai yi ƙarya ba, da gangan ake zuba gubar. Ƙarfe in ya zauna a ruwan gishiri, cikin 'yan kwanaki yauƙi zai rufe shi, gansakuka ta biyo baya, sannan ƙananan halittu masu ɓawo su manne kamar an sa musu siminti. Jirgi sai ya yi nauyin tafiya. Yauƙi mai kaurin rabin milimita kawai, in ya rufe rabin gindin jirgi, yana iya ƙara masa shan mai da kusan kashi 25 cikin 100.

Jan da kake gani ya samo asali ne daga sinadarin jan ƙarfe da ake haɗawa a fentin. An yi shi ne ya riƙa zaizayewa a hankali yayin tafiya, fatar sama ta tafi, sabuwa mai guba ta fito. A manyan jirage yakan kai shekara 5 kafin a fitar da jirgin busasshen wuri a sake shafawa.

Matsalar ita ce gubar ba ta tsayawa a jikin jirgi. Wadda ta fi yin ɓarna ita ce TBT, wani sinadari mai kuza da aka riƙa zubawa a fentin a da. A ƙarshen shekarun 1970 ta kusa kashe sana'ar kiwon kawa, wata halittar teku mai ɓawo da ake ci, a gaɓar Arcachon ta Faransa: ƙananan suna mutuwa, manyan ɓawonsu na kumbura ya karkace. Matan wani dodon-koɗin teku kuwa suka fara fitar da al'aurar maza, haihuwa ta gagara. Faransa ta hana shafa shi a jiragen da ba su kai mita 25 ba a 1982. Hukumar sufurin teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya, IMO, ta amince da yarjejeniyar haramta shi a 2001, ta fara aiki a Satumbar 2008. Daga Janairun 2023 an ƙara da cybutryne, wanda ke hana tsiron ruwa amfani da hasken rana. Jirgi mai tan 400 ko fiye da ke zirga-zirga tsakanin ƙasashe dole ya riƙe takardar shaidar irin fentin da ke jikinsa.

Jan ƙarfen ma ba a ce ba shi da laifi ba. A tsakiyar teku ruwa na tafiya da shi, amma a tasha, inda ruwa ke kwance, taruwa yake a laka. Akwai kuma ɓarna a wurin kankare tsohon fenti. Ƙa'ida ita ce a shimfiɗa tamfol a ƙasa, a jiƙa fentin kafin a goge don kada ƙura ta tashi, mai aiki ya sa takunkumi da safar hannu, a tara dattin a kai inda ake zubar da shara mai guba. Ƙona shi ko wanke shi cikin ruwa ganganci ne. Kada kuma a shafa mai jan ƙarfe a jirgin alminiyam, domin a ruwan gishiri ƙarafan biyu na haifar da ɗan lantarkin da ke cinye alminiyam har ya huje.

Batun kwalekwalen Baba kuwa, ka bar kuɗinka a aljihu. Masu ɓawon nan na ruwan gishiri ne, a kogin Kwara gansakuka ce kawai za ta dame shi. A ja shi tudu lokaci-lokaci, a goge da buroshi, rana ta busar da shi. Jan ƙarfe kuma na lalata sassan da kifi ke numfashi da su, ga shi daga ruwan nan mutanen gari ke sha.