Tambayoyi da amsoshin lafiya: masu shiga rami, wannan makon naku ne

Assalamu alaikum. Tambayoyin masu haƙar ma'adinai sun taru mini, to bari na haɗa su wuri ɗaya.

Tambaya: Likita, muna haƙar kuza a wajen Barkin Ladi, duk randa muka kunna injin janye ruwa sai kaina ya dinga sarawa, jiri da tashin zuciya, amma in na fito sai ya lafa. Abokaina sun ce yunwa ce.

Amsa: Ƙanena ba yunwa ba ce, hayaƙin injin ne, kuma wallahi ka auna arziki. Duk injin da ke shan fetur yana fitar da wata iska mai guba wadda ita kanta ba ta da wari ba ta da launi, in ta shiga jini sai ta kama gurbin iskar da jiki ke rayuwa da ita, a fili iska na kwashe ta amma cikin rami taruwa take yi. Daga ciwon kai sai ƙafafu su mutu, mutum yana ganin igiya ya kasa kama ta. Injin da janareta su zauna a sama, nesa da bakin rami, tiyo kaɗai za a zura. Kuma gwajin kyandir da wasu ke yi ba ya nuna wannan iskar, wuta na iya ci lafiya lau alhali gubar na nan. In wani ya faɗi a ciki dan Allah kar kowa ya dira don ceto, haka ake rasa mutum uku maimakon ɗaya. A kashe injin, a hura iska ciki, wanda zai sauka a ɗaura masa igiya a ƙugu mutane na riƙe da ita a sama. Wanda aka fito da shi a kai shi asibiti a sa masa oksijin ko da ya farfaɗo.

Tambaya: Rami ya rufta da yayana, an ciro shi bayan kusan awa 5 ƙasa ta danne masa cinya. Babu karaya, yana takawa, sai dai fitsarinsa ya koma kamar ruwan shayi. Mu kai shi wurin mai ɗori?

Amsa: A'a malam, asibiti yau ɗin nan, ba gobe ba. Naman jiki in ya daɗe a danne yana rugurgujewa daga ciki, abin da ya fita daga cikinsa sai ya bi jini ya je ya toshe ƙoda, wannan launin fitsarin alamarsa kenan. Yana buƙatar ƙarin ruwa ta jijiya da gwajin jini, kar a ba shi su diclofenac ko ibuprofen don suna ƙara wa ƙoda wahala. Na taɓa karɓar wani matashi haka a wani asibiti da na yi aiki, da ƙafarsa ya shigo yana ta raha, ƙura ma ba ta fita daga gashin girarsa ba, kwana biyu fitsari ya ɗauke gaba ɗaya sai da aka tura shi wankin ƙoda.

Tunda maganar ta zo, damina ita ce lokacin ruftawa saboda ƙasa ta sha ruwa ta yi nauyi. Haka aka yi a Shiroro ta jihar Neja a watan Yunin 2024 bayan ruwan sama mai yawa, a Ɗan Isa ta jihar Maraɗi kuma a Nuwamban 2021 aƙalla mutum 18 suka rasu a ramin zinare. In kun ga yashi na zubowa a hankali daga bango, ko tsaga ta bayyana, ko katakon tokara na yin ƙara, ku fito, ku bar diga da shebur a nan. Kar a tara ƙasar da aka haƙo a bakin rami, kar kuma kwaɗayi ya sa a cinye ginshiƙin da aka bari yana tallafe rufin rami don an ga jijiyar zinare a jikinsa. Wurin ciro mutum a fara buɗe fuska da ƙirji da hannu, kar a finciko shi ta hannuwa, a kwantar da shi kan ƙyauren ƙofa wani ya tallafe kai da wuya. Ɗora mai ciwon baya a kan babur shi ke ƙarasa tsinka laka.

Tambaya: Maigidana yana kawo duwatsun zinare gida muna daka masa a turmi, yarona ɗan shekara 2 ya fara jijjiga. Daga wata baiwar Allah a Anka.

Amsa: 'Yar uwa, ke da ke Anka kin san abin da ya faru a 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, kuma silar ita ce wannan dakan a tsakar gida. Ki kai yaron asibiti yanzu, ki faɗa musu da bakinki cewa ana daka dutse a gidan don su auna dalma a jininsa, kar a tsaya a maleriya kawai. Sauran yaran ma a auna su. Turmin nan ya gama aikin abinci har abada. Maigida ya yi wanka ya sauya kaya a wurin aiki kafin ya shigo, ki lallaɓa shi da wannan bayanin.

Tambaya: Shekara 8 ina fasa dutse, tari ya ƙi ƙarewa. Ina shan madara kullum don ta wanke ƙurar.

Amsa: Madara ciki take zuwa malam, ƙura kuma huhu ta tafi, hanyarsu ba ɗaya ba. Ƙurar dutse tabo take bari a huhu wanda ba ya gogewa, kuma tana buɗe wa tarin TB ƙofa. Je a yi maka hoton ƙirji da gwajin majina, maganin TB kyauta ne a asibitocin gwamnati. Wurin aiki a dinga jiƙa dutsen kafin fasawa da niƙa, ka nemi takunkumi N95, rawani ko tsumma ba ya tare ƙananan ƙwayoyin.

Wanda ya tambaya kan tiramol don ƙarin ƙarfi, yana jawo farfaɗiya ba sanarwa, ka kwatanta ta kama ka kana tsakiyar igiya. Ka zo mu zauna mu tsara yadda za ka rage a hankali, kar ka yanke rana ɗaya.